Fatalwar da Aka Sace Wa Suna

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Allah ya karɓi ran abokina Ndubuisi, mai shagon kayan lantarki a Zuru, bayan gajeruwar jinya.

Ni Mode Rikoto, a aji uku na bar sakandare. Ba wanda ya koya mini riƙon kyamara, ba ubangida, ba tallafi. Da wayar hannu da fitilar caji na yi finafinai huɗu, garin nan ya kalla, ya tsorata, ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa cewa wani ya ɗaga ni ba. Amma kai, Ndubuisi, kafaɗa ɗaya muka sa.

Kai ka gano cewa zoɓo da kamu sun fi kowane jinin kanti kyau a hoto, sai dai ƙudaje su bi ɗan wasa har gida. Kai ka yarda ka shiga farin zane a wata gona da ke Manga, cikin zafin nan, da kowa ya ce shi ba ya wasa da likkafani. Ka zama mataccen maigida a "Fatalwar Bayan Shago", wanda ke dawowa daga kabari ba don komai ba sai don ya duba ko an bar injin wuta a kunne. Hausarka ba ta san mace da namiji ba. Da ka leƙo ta taga ka ce, "Matana, ya kashe janareta?" sai da na ajiye waya don dariya. Na ce a gyara. Ka ce, "Mode, bar shi, wanda ya mutu ba ya zuwa makaranta."

To, ga abin da ke cin raina. Japhet, wanda muka ba aikin haɗa hoto, ya ɗora fim ɗin a intanet, ya goge sunanka ya sa nasa. Ya san zane ya rufe fuska. Har yana ce wa baƙi shi ne fatalwar. Na so in tayar da ƙura, ka hana ni, ka ce a bari ya ji kunya da kansa. Bai ji ba. Wurin zaman makoki ma ya zo, ya ci shinkafa, ya ƙara.

A nan ne 'yarka Ujunwa ta miƙo mini waya, ta ce, "Kawu, 'yan ajinmu sun ce ƙarya nake, sunan Baba ba ya ciki."

Japhet, wanda ke riƙe ni ya tafi. Ranar kasuwa zan haska fim ɗin a ƙofar shagon marigayi, in miƙa maka lasifika, ka faɗi maganar janareta a gaban mutanen da suka saba jin muryarsa. Mu ji yadda za ta fito a bakinka. Ban yafe ba, kuma ba zan gaji ba.

Allah ya sa ka huta, abokina. Allah ya ba matarka Theresa da yara haƙuri, ya tsaya musu.

Kai kuma Japhet, kafin ranar kasuwar nan ka mayar da sunan inda ka cire shi, da manyan baƙaƙe, ba kuskuren harafi ko ɗaya: NDUBUISI, FATALWA. Ujunwa za ta duba.