Motar Hawan Dutse a Maƙerar Kaka

Ni jikan maƙeri ne, amma har na haura shekara talatin ban taɓa ɗaga masaba da niyyar aiki ba. Mahaifina ya bar ƙira tun yana saurayi ya kama tuƙin bas tsakanin Ajingi da Kano, ni kuma na yi boko na zama malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Gaya. Kakana, wanda ya haifi babana, shi kaɗai ya rage a maƙerar gidanmu, a wani ƙauye gab da Kademi. Daga baya shi ma ya rufe ta. Ya ce masu walda sun ƙwace aiki, fartanya kuma ga ta nan jibge a kasuwa, ba wanda ke tambayar wa ya ƙera. Ya naɗe zugazugi ya rataye, ya koma gindin darbejiya yana musu da rediyo. Shekara biyu yana haka. Abin da ya fi damuna, tsohon da ba ya ganina bai ja ni da tsiya ba ya koma ko na tsokane shi sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka," shi ke nan.

A wannan tsakanin ne wata cuta ta kama ni a waya. Na riƙa ganin hotunan manyan mutane, wasu har da furfura, suna wasa da ƙananan motoci masu rimot. Ba gudu suke yi ba. Duwatsu suke hawa a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar hawainiya a kan reshe. Abin ya shiga raina har na sayo wata ta roba a Kano. Kwana uku ta yi a hannuna ta faɗo daga dakalin ƙofar gida, casis ɗinta, wato ƙashin da ke ɗauke da komai, ya rabe gida biyu. Na ciro injin da batir da aksul biyu, wato ƙarafan da tayoyi ke maƙale a jikinsu, na zuba a leda, na zana sabon casis a takarda da rula, har da lambobi. Ranar kasuwar Ajingi na bi 'yan gwangwan na tsinto ƙarafan tsohuwar lema da wayoyin tayar keke da 'yan sifirin guda huɗu.

Akwai mai walda a bakin layinmu da zai gama mini aikin kafin azahar. Da gangan na wuce shi na hau babur na nufi ƙauye. Motar ina sonta, amma wutar maƙerar nan nake so in ga ta sake kamawa.

"Tsoho, na kawo maka aiki," na ce bayan mun gaisa.

Ya leƙa ledar, ya ɗago ya dube ni. "Ɗan boko, kai da iyalinka, abin da ya rage maka ke nan? Motar 'yan yaye?"

"An ce mini ba za ka iya ba. Na ce bari dai in fita hakkinka kafin in kai wa mai walda."

Ya kashe rediyo. "Mai walda maƙeri ne? Liƙi yake yi. Sauko mini da zugazugin can."

Ɓeraye sun ci fatar a wuri biyu, sai da muka yi mata faci. Na miƙa masa zanena, ya riƙe shi a juye, ya jinjina kai kamar ya gane, sannan ya murɗe takardar ya tada gawayi da ita. Ni aka ba zuga. Ban yi minti biyar ba ya ce ina zuga kamar mai yi wa jariri fifita. Na ji daɗin zagin nan har cikin raina, don rabona da irinsa an daɗe.

Casis ɗin ya fito da kyau, ba ƙarya. Dogayen ƙarafa biyu, ya lanƙwasa su da ido kawai suka zo daidai. Rigimar a kan 'yan sanduna huɗu ta taso, waɗanda ke haɗa aksul da casis. A irin wannan mota dole su riƙa motsi, yadda idan taya ɗaya ta hau dutse sauran ukun za su tsaya a ƙasa. Na ce masa a bar ƙusoshin da ke riƙe da sandunan sako-sako. Ya ajiye masaba ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Tun ubanka bai san damansa ba nake ƙira, ba abin da ya taɓa fita daga ɗakin nan yana girgiɗi. Yau kai za ka sa ni?"

Gaskiyarsa ce. Na sha ganinsa yana gama fartanya ya kai ta kunne ya girgiza; in ya ji ko ƙis, sai ta koma wuta. Na sake yin bayani, ya sake cewa a'a, ni kuma tsoron kada ya yi zuciya ya kashe wutar ya sa na haƙura. Ya doke ƙusoshin nan takwas har suka zama kamar da su aka halicci ƙarfen.

Sai kuma muka tuna ƙasarmu ba ta da dutse. Rairayi ne shimfiɗe, iya ganinka gonakin gyaɗa da gero. Iya, matar Kaka, ita ta cece mu. Ta ce dutsen niƙanta na nan bayan rumbu tun da injin niƙa ya shigo gari, kaji ne ke hutawa a kai. Ta aika maƙwabta, kafin la'asar mun tara tsofaffin duwatsun niƙa shida a ƙofar gida, mun jingina wannan kan wancan. Kaka kuwa tun a masallaci ya riga ya baza labari cewa ya ƙera motar da ba direba. Saboda haka da aka idar da sallah rabin unguwa ya biyo shi.

Na danna rimot. Motar ta tafi a hankali, gwanin sha'awa, har ta isa dutsen farko. Tayar gaba ta dama ta hau, sai duk motar ta karkace gaba ɗaya kamar faranti, tayoyi biyu suna juyawa a iska. Na ƙara wuta. Ta kife ta yi rigingine tana harbin sama. Wuri ya kece da dariya. Na tayar da ita, ta sake kifewa a daidai wurin. Wani dattijo, abokin Kaka tun na ƙuruciya, ya ce, "Sarkin ƙira, ko dai a kira mai waldar?"

Wasa yake yi, kuma da a da ne Kaka zai rama har da ƙari. Ban da ranar nan. Ya juya ya shiga maƙera, na bi shi na same shi yana naɗe zugazugi.

"Na faɗa maka zamanina ya wuce," ya ce, bai dube ni ba. "Ko abin wasan yara ya gagare ni."

Ban taɓa jin nadama irin ta lokacin ba. Mutum yana zaman zamansa da mutuncinsa, na jawo shi waje har jama'a suka taru suka yi masa dariya. Kuma na san in zugazugin nan ya sake hawa ƙusa, ba zai ƙara saukowa ba.

Na kwana a ƙauyen. Da safe bayan mun sha koko na shiga maƙera ni kaɗai da niyyar in cire ƙusoshin. Na ɗauki awartaki ina ta fama, ƙarfe na zamewa, har na matse yatsa na yi ƙara. Ashe Kaka yana bakin ƙofa.

"Ba haka ake riƙe awartaki ba, malamin kimiyya. Kawo kafin ka lalata mini kaya."

Ya karɓa, yana mita yana buɗe shi yana rufewa, kamar yadda hannunsa ya saba. Can sai ya tsaya. Ya kai awartakin kusa da idonsa ya dubi ƙusar da ta haɗa ɓangarorinsa biyu. Ya buɗe, ya rufe. Ya ɗauki motar ya gwada murɗa aksul ɗinta, ta ƙi.

"Abin da kake nufi, ya riƙe amma ya motsa?"

"Tun jiya nake faɗa, Tsoho."

"Ka faɗa. Ni ban ga abin da zai sa maƙeri ya bar aiki sako-sako da gangan ba. Ashe akwai guda ɗaya, kuma kullum yana hannuna." Ya yi tsaki, ba da ni ba. "Zuga."

A ranar na ga yadda ake ƙusar awartaki. Sai ta yi ja a wuta, a zura, a doke kanta ta baje. Tun ba ta huce ba a riƙa buɗewa ana rufewa, a tsoma a ruwa ana ci gaba da motsawa, har ta sandare da 'yar tazararta. Ba ta fita, ba ta kuma cijewa. Ya yi bakwai. Da aka zo ta takwas sai ya miƙo mini masaba.

"Idona ya gaji. Doka."

Idonsa lafiya lau. Na doka sau uku, biyu a kan uwar maƙera, ɗaya a kan ƙusar. Ya ce bai taɓa ganin jinin maƙera ya tsinke haka ba, amma bai karɓi masabar ba sai da na gama.

Wannan karon ba mu gayyaci kowa ba, Iya kaɗai ce 'yar kallo. Tayar dama ta hau dutse, aksul ya murɗa, sauran ukun suka lafe a ƙasa. Motar ta ja jiki, ta haye na biyu, ta ɗan yi tunani a na uku, ta kai har ƙololuwa ta tsaya. Iya ta rangaɗa guɗa. Kaka ya fizge rimot daga hannuna, ya sauko da motar da gudu ya watsa kajin Iya, sannan ya ce a je a kira masa dattijon jiya, ya zo da dariyarsa.

Da zan tafi na miƙa hannu in ɗauki motata, ya hana. Ya bi ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan tawa, ya girgiza ta a kunne.

"Wannan ta yi yawa. Ba za ta bar ɗakin nan haka ba. Ka dawo Asabar ka gyara."

Na dawo Asabar na tarar wuta na ci, ga laujen wani maƙwabci yana jiran gyara. Muka wuni a kansa. Asabar ta gaba wuƙar Iya ce, ta gaba kuma bakin garmar shanu. An fi shekara yanzu, hannuna ya yi kanta, ɗalibaina har tambayata suke me ya ƙona mini riga. Motar tana kan katanga cikin maƙera, in an gama aiki mu fito da ita mu yi faɗa a kan rimot.

Kwanan baya na ga wuta ta yi kyau, aiki kuma ya ƙare da wuri, na sauko da motar na ce yau dai bari in gyara ƙusar nan tawa, tunda yanzu na iya. Na ɗauki awartaki. Ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Bar ta, abokina. In ka gyara ta, me zai kawo ka Asabar mai zuwa?"

Na mayar da ita kan katanga, na koma na zauna wajen zugazugi.