Ranar da Na Murguɗa wa Lokotoro Baki

Ku matso kusa ku ji abin da ya fidda ni daga ɗakina, ni da ko kasuwar Gaya sai ta kama dole. Cikin haƙoran gaba huɗu da aka sa mini a Yamai bara, ɗaya ya dare a kan raken Bengu. Ga sunan jikata ta fari ranar Asabar, ni kuwa kullum dariyata cikin mayafi.

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ni da ƙanena, za mu Yamai wurin lokotoron haƙori da ya sa mini su. Kamiyoyi, manyan motocin kaya, sun jeru a bakin hanya kamar ba su da niyyar tashi. Duk ramin da mota ta faɗa sai in taɓa bakin zanena, inda na ƙulle gutsuren haƙorin. A Doso aka miƙo tsire ta taga, ƙamshi har ƙwaƙwalwa. Na kau da kai, ƙanena ya ci nasa ya ci nawa.

A Yamai lokotoron ya ajiye wata na'ura a gabana, muƙamuƙi ne na ƙarfe, ɗauke da siffar haƙorana da aka zuba da farar ƙasa. A gabanta akwai tsinke da ke zamewa kan ɗan faranti. Ya ce farantin nan ake karkatawa daidai da yadda bakin mutum ke tafiya in yana tauna. In aka kuskure, haƙora su riƙa karo har ɗaya ya fashe.

"Hajiya, bara da na ce ki kai baki dama da hagu, kin kai?"

"Ɗan nan, ina da surukai, in zauna ina murguɗa wa namiji baki?"

"To shi ya sa na daidaita shi da ka. In yau ma kunya ta hana, sabon ma zai dare."

Ƙanena ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Na rufe ido, na ciji kakin zuman da aka sa mini a baki, na murguɗa dama, na murguɗa hagu, na turo gaba. Ya ɗora kakin a na'urar, yana ɗaga farantin kaɗan-kaɗan har tsinken ya zauna, ya ɗaure.

Kwana uku na yi a gidan ƴar ƙanwata ina shan kunu, ina lissafin ranaku. Juma'a muka dawo, bakina a rufe har Gaya, wai kada iska ta taɓa sabon haƙorin da aka sa mini.

Asabar aka miƙo mini naman ragon suna, mata sun zuba ido. Na yi bisimilla na tauna, dama da hagu. Shiru, ba ƙas. Na sauke mayafi na yi wa jikata dariya da haƙora cif.

Na gane kunya ba ta shiga ɗakin magani. Amma ke ƴar'uwa, tsakaninki da Allah, da ke ce a kujerar nan, da kin murguɗa tun karon farko?