Man Kitson Gwaggo

Shekara ashirin da biyu Gwaggo ta yi tana kitso a ɗan shagonta mai madubi ɗaya da benci biyu, kuma ba ta taɓa yarda da abin da ba hannunta ne ya haɗa ba. Man kitsonta ma da kanta take dafawa, ta ɗura a kwalba, ta kulle a durowa. Ko ruwa ka miƙa mata, sai ta leƙa kofin tukuna.

Da ƙuraje suka feso wa 'yarta Auta a goshi, Gwaggo ta shiga neman mai laifi. Maƙwabciya mai sayar da kayan kwalliya ce ta fara shan zargi, don ta taɓa ba yarinyar hoda. "Kyauta? A wannan zamanin?" in ji Gwaggo. Hoda ta tafi bola. Sai sabulu, sai matashin kai, sai ƙawaye. Mai kemis ya ba da magani, ya ce sai an yi wata biyu ana shafawa. Gwaggo ta ce wayo ne, so yake a yi ta dawowa. Bayan kwana huɗu ta ƙwace maganin.

Auta kuwa ta daina zuwa makaranta, ga jarrabawa saura mako uku. Ta shige ɗaki, ta juya madubi ya kalli bango. Abin ya tsaya wa Gwaggo a rai. Ita lallashinta kitso ne, don haka duk Asabar sai ta zaunar da ita, ta lakato mai ba ƙyashi, ta kwanto da gashin gaba ya rufe goshin.

Da ƙyar ta yarda aka je asibiti. Likitar fata ta duba kumatu da haɓa, sumul. Ta ɗaga gashin, ta bi layin ƙurajen daga goshi zuwa gefen kunne.

"Wane mai ake sa mata a kai?"

"Nawa ne," in ji Gwaggo. "Ni na haɗa abina."

"Ya yi wa fuskarta nauyi, Mama. Gangarowa yake yana toshe mata fata. A daina, a ɗage gashin, sannan ta shafa maganin har wata biyun."

Gwaggo ta buɗe baki za ta tambayi likitar ko ita ma mai take sayarwa, sai ta ga Auta ta sunkuyar da kai.

"Ke, kin sani?"

"Na daɗe ina zargi, Umma. Tsoron faɗa miki na ji."

Suka kamo hanyar gida. Kunya ce ta rufe Gwaggo, ga tausayin yarinyar.

Ran Asabar ta zaunar da Auta. Hannunta ya nufi durowa bisa sabo, ya tsaya. Ta goge shi a zani, ta ja gashin gaba ɗaya baya, goshin ya fito fili.

"In na ja da zafi," ta ce, "ki faɗa mini."