Kawu Ba-komai da Shafukan da Suka Ɓace

Na daɗe ina shakkar ko wannan magana ta kai a rubuta ta. Inda na yi karatu, zaɓen laburare aikin rabin wuni ne. Laburare a wajen masu rubuta manhajar kwamfuta tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka aro ka ɗora aikinka a kai, kamar maginin da ke sayen bulo maimakon ya tsaya bugawa da kansa. Za ka duba wacce ta fi sauri, wacce masu ita ke kula da ita har yanzu, ka ɗauka ka wuce. Ban taɓa zaton halin mutum na shiga cikin wannan zaɓe ba, sai da na dawo gida na fara zama a wurin aikin kawuna, inda na ga ya shafi jarrabawar wani bawan Allah da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma tun ina yaro ban ji ana kiransa da wani suna ba sai Ba-komai. Tela ya taɓa ɗinka masa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya sa ta har ta tsufa yana naɗe dogon. Matarsa takan ce, "Kai ko takalman ƙafar hagu biyu aka sayar maka, cewa za ka yi ba komai, ka koyi tafiya a karkace." Shi kuma ya yi dariya ya ce mai shagon ma yana da iyali.

Da gyaran tafireta ya fara. Wata ƙaramar maɗaba'a mai buga littattafan makafi ta riƙa kiransa gyara, har ta riƙe shi. Da aka kawo musu kwamfuta, shi kaɗai ne bai ji tsoron kwance bayanta ya leƙa ba. Daga wani ƙaton littafi da bangonsa ya cire ya koyi rubuta manhaja, yana karantawa da ƙamus a gefe.

Maɗaba'ar ɗaki biyu ce a bayan shagon wani kafinta. A ɗakin ciki akwai injin da ke huda ɗigo-ɗigon rubutun makafi a takarda mai kauri, in yana aiki kamar ana ruwa a kan kwano. A ɗakin waje mutum uku ke zama. Akwai Kawu. Akwai dattijuwa mai buga rubutu, wadda kowa ke kira Yaya, ita ke kwafe littattafan masu gani cikin kwamfuta. Sai mai duba aiki, makaho ne tun haihuwa, yana bin kowane shafi da yatsunsa yana kama kuskure. Malam ake ce masa, ba don ya zama ba tukuna. Burinsa ke nan, ya samu takardar shaidar koyarwa ya shiga aji a makarantar makafi. Jarrabawar tana da iyakar shekaru, kuma shekarar da na dawo ita ce ta ƙarshe da za a karɓi sunansa.

Ga yadda aikin yake. Yaya ba kalmomi kawai take bugawa ba. Kowane kan magana, kowane sakin layi, kowane hoto, sai ta sa masa alamar buɗewa a gaba da ta rufewa a baya, kamar ƙofar da ka buɗe dole ka ja ta in ka fita. Manhajar Kawu ta bi alamomin nan ta san wane ne wane, ta mayar da rubutun zuwa na makafi. In ta zo kan hoto sai ta tsallake duk abin da ke tsakanin buɗewarsa da rufewarsa, tunda yatsa ba ya ganin hoto.

Da za a sabunta manhajar, shekara ɗaya kafin dawowata, Kawu ya samu laburare biyu masu karanta irin wannan rubutu. Ya gwada su, ya raɗa musu suna. Ta farko Alƙali. Da ta ga an buɗe alama ba a rufe ba, sai ta tsaya cak, ta faɗi layin da laifin yake, ba ta ƙara taku ɗaya sai an gyara. Ta biyu Kaka. Ita in ta ga an manta ƙofa a buɗe, sai ta yi hasashen inda ya kamata a rufe, ta rufe da kanta, ta ci gaba, tana ɗan gunaguni da jan rubutu a ƙasan allo.

Idon Yaya ya fara rauni a lokacin, kuma teburinta na manne da na Kawu. Mako guda da Alƙali, sau da yawa yana mayar mata da aiki, tana cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi tana cewa a yi haƙuri. Kawu bai iya jure wannan ba. Ya koma kan Kaka. Ran nan Yaya ta hango jan rubutun ta ce, "Duk wannan nawa ne?"

"Ba komai, Yaya, surutun inji ne."

Da layi ɗaya na umarni ya kashe gunagunin. Shi da kansa ya ba ni wannan labari yana murmushi, ranar da na tambaye shi me ya sa allonsa ba ya ƙorafi. Ya nuna min wajen Yaya da haɓa, ya sa yatsa a baki.

Watannin da suka biyo bayan dawowata, Malam na karatu ba ji ba gani. Littattafan jarrabawar duk a wurin aka buga su, shi ya duba su, don haka da an tashi aiki yakan ɗauki na kimiyya ya ɗora a cinya, leɓunansa na motsi.

"Malamin gobe," in ji Kawu, "ka bar wa ɗaliban wani abu mana, kada ka haddace duka."

"Kai dai ka tanadi rigar da za ka zo bikin kama aiki da ita. Ba mai dogon hannun nan ba."

"Wa ya gaya maka dogon hannu gare ta?"

"Ina jin ta tana sharar tebur."

Yaya ta yi dariya har da tari. Malam ya shafa shafin da ke gabansa ya ce, "Amma marubucin nan akwai rowar magana. Ya ce ga zuciya, ɗakuna huɗu gare ta, shi ke nan ya tsallaka huhu. Kamar wanda mota ke jira."

"Masu ilimi haka suke," in ji Kawu. "Sai ka biya su ƙarasa."

Aka yi dariya aka wuce. Ni ma na yi.

Washegarin jarrabawar kimiyya Malam ya zo da wuri. Ya jingine sandarsa inda ya saba, amma bai zauna ba.

"Yaya, littafin kimiyyar nan na masu gani yana kusa?"

"Ga shi nan a kan kabad. Lafiya?"

"Buɗe min babin jini. Karanta min daga inda aka ce ɗakuna huɗu."

Ta gyara tabarau ta fara. Ta karanta ɗakuna huɗu, ta ce nan akwai hoton zuciya, ta ci gaba. Yadda jini ke shiga ta dama ya tafi huhu, yadda yake dawowa ta hagu, ƙananan ƙofofin da ke hana shi komawa baya. Ta juya shafi, ta sake juya wani. Malam na tsaye, nasa littafin a buɗe a hannu, yatsansa a kan layi ɗaya bai motsa ba.

"Ya isa, Yaya," ya ce. "Babbar tambayar jiya ke nan. Na ɗauka masu jarrabawar ne suka fita daga littafi."

Kawu ya koma gaban kwamfuta. Ya jawo rubutun da Yaya ta buga ya miƙa wa Alƙali, wadda ke nan a kwamfutar ba a taɓa ta ba tun bara. Nan take ta tsaya, ta nuna layin. An buɗe alamar hoton zuciya, ba a rufe ba. Kaka ta nemi inda za ta rufe, ba ta samu ba sai ƙarshen sashen, don haka duk bayanin da ke tsakani ya zama cikin hoto a wajenta, manhaja kuma ta tsallake shi kamar yadda aka umarce ta. Shafukan sun fito tsaf, babu harafi ɗaya a karkace. Malam ya duba su da kansa ya ce sun yi, domin yatsa na kama abin da aka rubuta ba daidai ba, amma ba shi da yadda zai ji abin da ba a huda ba sam.

Kawu ya gyara wurin, Alƙali ta sake tsayawa a babin ƙoda. Ya gyara, ta tsaya a na ido. Littafin cike yake da hotuna.

Yaya ce ta fara magana, kuma ba da Malam ta yi ba. "Jan rubutun nan da na tambaye ka, wannan yake faɗa?"

"Shi ne, Yaya."

"Da ka gaya min. Ni yarinya ce? Ina buga rubutu tun kana wasa da ƙasa, in an ce na yi kuskure gyarawa nake. Ka rufa min asiri a kan abin da ban roƙe ka ba."

Na juya na kalli Kawu. Ya buɗe baki, na ga kalmar da ya saba ta zo, ya haɗiye ta.

Da sakamako ya fito, Malam ya ci kowane darasi ban da kimiyya, ita ma da kaɗan ya faɗi. Kawu ya rubuta wa masu jarrabawar, ya je da ƙafarsa ya yi bayani, ya ce laifin maɗaba'a ne. Suka saurare shi da mutunci, suka ce ƙa'idar shekaru ba ta hannunsu.

Yanzu Alƙali ke karanta komai a wurin. In ta tsaya, Kawu yakan juya allon ya ce, "Yaya, layi kaza," ta gyara ba tare da ta ɗago ba. An sake buga littafin kimiyya, ya ƙara kauri har sai da aka raba shi gida biyu, Kawu ya bi makarantu a kan babur yana karɓo tsofaffin yana ba da sababbi. An kuma sauya yadda ake duba aiki. Yaya na karanta na masu gani da ƙarfi, Malam na bi da yatsa, in ta faɗi abin da babu a ƙarƙashin hannunsa ya buga tebur. Aikin ya ninka tsawo. Har yanzu Malam ake ce masa, sai dai Kawu ya daina ƙara "na gobe". Wani lokaci ɗaliban makarantar makafi kan zo karɓar littafi, ya tsayar da su a bakin ƙofa ya yi musu bayanin yadda jini ke zagaya jiki, tiryan-tiryan, har kafinta ya ajiye zarto yana saurare.

Wata rana da yamma ina taya Kawu ɗaure littattafai a bayan babur. Malam ya riga ya tafi, ana jin ƙarar sandarsa tana nisa a kan titi. Na daɗe da tambayar a raina, ran nan na yi ta.

"Kawu, shi Malam ya taɓa yi maka maganar?"

Ya ja igiyar ya ƙulle, ya sake dubawa ko ta kama.

"Sau ɗaya. Na je gidansa in ba shi haƙuri, ya bar ni na gama duka, sannan ya laluba ya kama hannuna ya ce, ba komai." Ya dafa littattafan da muka ɗaure. "Da zagina ya yi, ɗana, da na fi samun sauƙi."