Katangar Abarci da Kujerar A'ishatu

Duk wanda ya tashi a Dakoro ya taɓa jingina da aikin Abarci magini, ko ya sani ko bai sani ba. Azuzuwan lakwal, wato makarantar boko, kwamin shayar da dabbobi na bakin rijiya, rumfunan mahauta, da yawansu hannunsa ne. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa tafin hannu har ya yi kaushi kamar dutsen niƙa. Ba ya iya wuce gini bai ƙwanƙwasa shi da yatsa ba, ko da gidan gaisuwar mutuwa ya je. Matarsa, wadda ake kira Mata, takan ce ko hajji aka kai shi sai ya tsaya duba bangon masauki kafin ya ajiye jaka.

Da laka ya fara, yana cura tubali a bayan mahaifinsa, kafin siminti ya shigo gari ya koyi zama da shi. A lokacin babu meri, wato ofishin mulkin gari, babu magajin gari, sai babban jami'i guda da kowa ke kira kwamanda. In aiki ya taso, gardi, dogarin kwamanda, zai zo a kan keke ya ce ana kira. Abarci ya wanke hannu, ya zura riga, ya je ya tarar da kwamanda a inuwar dogon yaro. Da tsinke ake zana aikin a ƙasa, a yi ciniki baki da baki, a sha hannu, a yi fatiha. Abarci yakan ce a zamanin nan maganar mutum ta fi hatimi nauyi. Gaskiya ne, amma akwai abin da yake mantawa: maginin da kwamanda bai san fuskarsa ba, ko shi ya gina hasumiyar Agadas, gardi ba ya zuwa ƙofarsa. In an tuna masa haka sai ya ce shayi ya huce, a sake ɗorawa.

Aikin da ya yi masa suna shi ne katangar kasuwar dabbobi. Kafin ita, da ƙaya ake kewaye wurin, ranar kasuwa kuwa in sa guda ya fusata sai a kwashe rabin yini ana bin shanu cikin unguwa. Abarci ya kewaye filin da katanga, ya yi ƙofa mai faɗi, ya ɗaga tudun da ake kora shanu su hau mota. Da jakuna aka riƙa ɗauko ruwan ginin. Makiyaya na wucewa su ajiye wa leburori ƙwaryar nono, dillalai su tsaya suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Yana cikin wannan aiki Mata ta haifi 'yarsu ta fari, aka sa mata A'ishatu. Ranar suna ma da siminti a gefen wandonsa ya karɓi baƙi.

To, sai dai 'yar fari ce, Abarci kuwa mutumin da ne. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, Mata ma haka. Ana yaye ta aka kai ta Korahane wurin yayarsa, sai da ta isa shiga lakwal ta dawo. In ta shigo tsakar gida shi ya tuna yana da abin yi a zaure. In ya zama dole a ambace ta sai ya ce "waccan". Kada wani ya ɗauka ƙi ne. Son da yake yi mata ya fi ƙarfin bakinsa, kunya ce kawai ta tare hanya. Da ta ci jarrabawar zama malama, bai ce mata komai ba, amma ya yanka rago ya ce wai sadaka ce ya daɗe da niyya. Da ta yi aure, ya je ya yi wa ɗakinta daɓe da hannunsa ranar da ya tabbatar ba ta nan.

Zamani riga ne. Aka kafa meri, aka zaɓi magajin gari da konseye, wato wakilan jama'a, aikin gari ya daina fitowa daga inuwar itace. Yanzu sai a liƙa sanarwa a allo, mai so ya haɗa dosiye, wato takardun neman aikin, ya liƙe, ya kai, a sa ranar da kwamiti zai buɗe a gaban kowa. Abarci ya yi mita har ya gaji, ya ce yaushe takarda ta iya riƙe cokalin gini. Amma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Ya yi rajista, ya sa aka sassaƙa masa hatimi, ya riƙa ajiye shi a aljihu ɗaya da goro. Manyan ayyuka suka koma hannun masu manyan motoci daga Maradi, shi kuma ya riƙa samun na gyaran aji da toshe ɓaraka. Bai ji daɗi ba, amma bai taɓa zama ba aiki ba.

Ana nan A'ishatu ta tsaya zaɓe, matan unguwa suka yi mata ruwan ƙuri'a, ta zama konseye. Bayan ɗan lokaci aka sa ta cikin kwamitin buɗe dosiye, kujerar da mace ba ta taɓa zama a kai ba a garin. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Abarci barka, yana amsawa da "to, madalla" kamar labarin 'yar maƙwabci ake ba shi.

A shekarar ne aka liƙa sanarwar sake gina katangar kasuwar dabbobi. Ta tsufa, ruwa ya ci gindinta, kasuwar ma ta fi ƙarfinta. Abarci na jin labarin ya ji ƙuruciyarsa ta dawo. Ya ce da Mata wannan ne aikinsa na ƙarshe: da katangar ya yi suna, da ita zai ajiye cokali. Ya yi ta zirga-zirgar takardu da ƙafafunsa masu ciwo, ya haɗa dosiye, ya kai wa Bubakar sakataren meri, ya dawo gida yana raha da kowa har da awaki.

Amininsa Attaher, tsohon dillalin shanu, shi ya kawo masa maganar. Suna zaune bakin kasuwa da hantsi, Attaher ya zuba shayi, ya gyara rawani, ya ce, "Abarci, garin ga kai ɗai ne ba ka jiya ba. Doka ta ce wanda nashi ya aje dosiye ba shi zama cikin masu buɗewa. Ɗiyarka ta hwaɗa ma Bubakar za ta sauka."

Abarci ya ce, "To mi ne ne? Ta tashi yini guda, in an ƙare ta koma."

Attaher ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Kujerar meri? Wa ya taɓa tashi ya komo ya iske ta? Tun ranar da anka ba mace ita akwai masu jira. Kuma in ka ci aikin ga, ko tana Agadas ranar, kasuwa cewa za ta yi ɗiya ta ba uba. Ka san bakin mutanenmu."

"Ita ta aiko ka?"

"Ita? Cewa ta yi kada kowa ya gaya maka."

Abarci bai sha shayin ba. Ya tashi ya bi gindin katangar yana tafiya a hankali, yana shafa ta. Ya san inda ruwa ya yanke musu suka jira jakuna, ya san kusurwar da ya rushe ya sake saboda ta karkace, ya san inda yake tsaye lokacin da aka zo masa da albishir ɗin haihuwa. Yana son aikin nan, so na gaske, kuma ya san ba za a sake liƙa wani irinsa yana da sauran ƙarfi ba. Ransa ya ɓaci da dokar, ya ɓaci da zamanin, har ya ɗan ɓaci da yarinyar da ta yanke shawara ita kaɗai. Da wata 'ya ce cikin ƙannenta, da ya kira ta sun zauna sun yi magana. Wannan kuwa ko kallon ido ba su taɓa yi ba, ta ina zai fara?

Kwana biyu yana juya abin. Mata ta lura ba ya cin tuwo, ta ce, "Maigida, gini dai ka yi shi har ka gaji. Waccan kuwa yanzu ta hwara nata." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ɗauke kwano.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi meri. Ya tarar da Bubakar a biro, wato ofishinsa, kuma kamar an shirya, A'ishatu na tsaye gefen tebur da takarda a hannu. Tana ganinsa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina kwana, Baba." Ya amsa yana kallon taga. Sannan ya juya ga sakatare.

"Bubakar, dosiyena na zo amsa."

Bubakar ya ce, "Baba Abarci, in ya hita ba ya komawa hwa. An kusa rufewa."

"Na sani. Gwiwa ce ta ƙi, ba ni iya hawa bisa." Ƙarya ce, kuma duk su ukun sun san ƙarya ce, don ko makon da ya wuce an gan shi a kan rufin wani aji. Bubakar ya buɗe kabad ya miƙo masa. Abarci ya karɓa, ya soke a hammata, ya ɗaga murya kaɗan, har yanzu Bubakar yake kallo. "Kuma ka gaya ma masu kujera su zamna bisa kujerarsu. Jama'a ta ba su, ba su da ikon bayar da ita don wani tsoho."

A'ishatu na durƙushe ba ta ɗago ba, sai ya ji tana jan hanci. Ya fita da sauri, don in ya ƙara tsayawa shi ma abin zai iya kunyata shi.

Ranar buɗe dosiye ya ce ba zai je ba, ya kuma je. Zauren meri ya cika, shi da Attaher suka tsaya waje jikin taga tare da 'yan kallo. Magajin gari ya yi bayani, sannan aka ce konseye A'ishatu ce za ta karanta. Ta miƙe, ta ɗaga kowane dosiye sama don a ga ba a taɓa shi ba, ta yage, ta karanta sunan mai shi da abin da ya yi alkawari, da faransanci sannan da Hausa. Wani ɗan kwangila ya so ya katse ta, ta ce masa ya jira lokacinsa, cikin ladabi amma ba wasa, ya kuwa koma ya zauna.

Abarci ya tsaya kamar an dasa shi. Sai a lokacin ya gane bai taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba. Yarinyar ta girma, ta koyar da 'ya'yan mutane, ta haifi nata, gari duk ya san yadda take magana, shi kaɗai ne bai sani ba. Ashe muryar na da kauri, ashe takan ɗan ja numfashi kafin ta faɗi abu mai nauyi, yadda mahaifiyarsa take yi.

Wani baƙo daga cikin mutanen Maradi da ke tsaye kusa da su ya taɓa Attaher ya ce, "Matar ga ɗiyar wa ce?"

Attaher ya ce, "Ɗiyar Abarci magini."

"Wane ne Abarci?"

"Wanda ya gina katangar da kuka zo rushewa."

Baƙon ya gyaɗa kai ya mai da hankalinsa ciki. Abarci na tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi. Baƙin cikin katangar na nan, bai tafi ko'ina ba, kuma ya san ranar da za a sa mata guduma ba zai iya bin hanyar kasuwa ba. Attaher ya ja hannun rigarsa ya ce su tafi, rana ta yi, tunda dai sunansa ba ya ciki.

Abarci ya share ido da bakin hannun riga, ya ƙara matsawa jikin taga. Ya ce, "Tahi kai. Ba ta ƙare ba tukuna."