Ramin da Ban Tona Ba

Jiya maƙwabciyata ta babbake kaza, ƙaurin gashin ya shigo mini ta taga, sai na yi maza na rufe tagar. Ka yi mini uzuri, mai karatu, wannan warin yana da tarihi a wurina.

Ina 'yar shekara tara murar tsuntsaye ta shigo ƙauyenmu, can wajen Rimin Gado, inda kajin kowa ke kiwo a gonar kowa. Rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Baba yana Watari wurin noman rani, gidan daga Inna sai Kaka sai ni. A da idan kaza ta fara gyangyaɗi, da gudu ake neman mai yanka kafin ta zama mushe. Wannan ciwon bai ba da lokaci ba. Da safe a watsa dawa su ci, kafin azahar zankon zakara ya yi baƙi, ya kife. Malaman dabbobi suka zo suka ce kada a yanka, kada a ci, a ƙone ko a binne da zurfi, domin ciwon yana iya tsallakawa zuwa mutum.

Ranar da kajinmu uku suka mutu a akurki, Inna tana fama da goyo, ta ɗaura mini leda a hannu, ta miƙo fartanya. "Je ki bayan rumbu, ki tona har gwiwarki ta shige."

Na sara, fartanya ta dawo mini. Rana tana dukana, ƙawayena suna can suna carafke, ni kuwa a lokacin ba a fi ni son jiki ba. Na ɗan ƙwarzane ƙasa, na jera kajin, na rufe da karan dawa, na dawo na ce na gama.

Kaka tana da kyanwa, baƙa mai farin wuya, mai tsare mata rumbu daga ɓeraye. Tare suke kwana, ƙwaryar ruwansu ma ɗaya, domin a wurin Kaka bakin kyanwa mai tsarki ne, ba ya ɓata ko ruwan alwala. Washegari na ga gashin kaza manne a bakin kyanwar. Na leƙa bayan rumbu, an watsar da karan.

Bayan kwana uku kyanwar ta daina hawa katanga. Tana tafiya tana tangaɗi, majina na zuba. Inna ta ce a fitar da ita.

Kaka ta ce, "Ciwon kaji ne, ina ruwansa da mage? Kin ga fiffike a jikinta?"

Ta ɗora ta a cinya, ta ba ta ruwa a ƙwaryar, sannan ita ma ta kafa kai ta sha a ƙwaryar. Ina tsaye ina kallo. Kalma ɗaya ta isa, amma tsoron bulalar Inna ya fi ƙarfina.

Ranar da kyanwar ta mutu, Kaka ta kasa tashi daga tabarma. Jiki zafi rau, tari kamar ƙirjin zai tsage. Aka aika wa Baba, ya zo. Yana shirin zuwa kemis sayen maganin zazzaɓin sauro, sai na fashe da kuka na faɗi komai. Bai taɓa ni ba. Ya dube ni kawai, ya fita neman mota. Wallahi da dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da suka tafi, na ɗauki fartanya da tulu. In jiƙa ƙasa, in jira ta sha, in tona, har hannuna ya fashe. Na kai ƙugu kafin na saka kyanwar da ragowar kajin.

Kwana tara Kaka ta yi a asibiti a birni, ita kaɗai a ɗaki. Har yau ba mu da tabbacin ko ciwon kyanwar ne ya kama ta. Ta dawo a rame, kuma numfashinta bai ƙara komawa daidai ba har ta bar duniya. Ranar da ta dawo ta kama hannuna, ta duba tafin.

"Wa ya binne mini ita?"

"Ni ce, Kaka."

"Da zurfi?"

"Har ƙugu."

"To, ƙawata, kin iya tono ashe." Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake ajiye kyanwa ba.

Yanzu ina jin rediyo yana cewa ciwon na kama kyanwoyi da shanu a wasu ƙasashe. Kyanwar gidana kwanonta daban, ba ta hawa gadon kowa. Yarana dariya suke yi mini idan kaza ɗaya tak ta mutu suka gan ni tsaye cikin rami har ƙugu. Sun ɗauka kazar nake binnewa.