Rabin Amsoshin Gidanmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata, Hajiya Balaraba, amma har yau in Lahadi ta zo aka sallame la'asar, sai hannuna ya kai ga rediyo.

A gidanmu na unguwar New Bell, nan Kamaru, akwai wani shirin kacici-kacici da ba ya wuce mu. Da Faransanci ake yin sa. Ni da na yi lekol, wato makarantar boko, na kuma tsufa a aikin ofis, tarihi da sunayen ƙasashe ne nawa: wane kogi ya ratsa Garwa, wane gari ne babban birnin wata ƙasa mai nisa. Ita kuwa sinima da waƙa. Tun tana yarinya yayanta ke kai ta kallon finafinan Indiya, kuma kiɗa ɗaya za a saki ta faɗi fim ɗin kafin mai gabatarwa ya rufe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba mu taɓa buga waya gidan rediyon ba. Mu biyu muke ci, mu biyu muke faɗuwa, tana tsince shinkafa, ina shan shayi.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, ta lura na daina magana, sai ta koma yi mini tambayoyi. Ta tambaye ni tsaunin da ya fi kowane tsawo a Kamaru, na faɗa. Ta ce wannan ai ko ɗan jinjiri ya sani. Can ta ce, "Malam, in na tafi, wa zai riƙa amsa maka na waƙa?" Na ce ta bar wannan zancen. Ba ta sake ɗaga shi ba.

Yanzu ina unguwar Bonamoussadi wurin ɗanmu. Ana kula da ni, ba ni da abin ƙorafi. Sai dai in na jefa tambaya a falo, kafin in gyara zama wani ya latsa waya ya karanto amsa, hira ta mutu. Nakan ce a raina, da Hajiya na nan, me za ta ce? Ina jin za ta ce an samu amsa an rasa gardama, alhali gardamar ce ke zaunar da mutane wuri guda.

Kwanaki jikata Ummi ta tambaye ni waƙar da kakarta ta fi so. Sunan ya ɓace mini, baitin ma ban taɓa riƙewa ba, don ba fannina ba ne. Muryar kawai na iya rera mata, a karkace. Ta nema a waya, wayar ba ta gane ba.

Jiya na ji ta tana rera ta a bakin famfo tana wanke kwanuka, da karkacewar tawa da komai. Ban gyara mata ba, mai gyarawar ba ta nan. Allah Ya jiƙan Balaraba, Ya haskaka makwancinta.